Ginshiƙi na Huɗu da Wandunan 'Yan Makaranta

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku da kunne. Yaro bai iya ɗinke maɓallin rigarsa ba, bai iya ɗauraye kofin da ya sha shayi ba, amma da ya riƙe abu mai haske a hannu sai ya ɗaga hanci, ya dubi wadda ta goya shi ya ce ba ta waye ba. A fara gaya muku magana, kafin a rufe baki kun ce kun sani. To ku kife wayoyin nan a ƙasa, ku ji inda "na sani" ta kai wani ɗan'uwanku.

Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, kowa Nasani yake ce masa. In ka ce masa hadari ya haɗo, ya sani. In ka ce matar maƙwabci ta haihu, ya sani, har ya gaya maka abin da likita ya yi ba daidai ba. An taɓa sa shi makarantar koyon kwamfuta, ya baro ta a tsakiya, wai malamin ya fara satar ilimi daga bakinsa. Tun daga nan yake kwance a ɗakin bayan shagon yayarsa, yana cin abincinta yana kushe kekunan ɗinkinta.

Ita Yaya tela ce, kuma ita ke ɗinka wa makarantar da ke ƙarshen layinsu kayan makaranta shekara da shekaru. Wannan aikin shi ke riƙe da shagon, da matan da ke kan kekuna, da Baba Mai Guga, da cikin Nasani kansa. A bana makarantar ta canza launin kaya, kowane yaro sai an yi masa sabo. Shugabar makarantar, wata mace da ba a taɓa ganin haƙoranta ba, ta kira Yaya ofis ta ce mata ta gaji da layin iyaye a bakin ƙofa. Tana son kowa ya zaɓi kayan ɗansa ta waya daga gida. Akwai wani tela a can ƙetaren titi da ya ce zai iya. In Yaya ba za ta iya ba, sai ta faɗa tun da wuri.

Yaya ta dawo shago jiki a sanyaye, ga shi kuma an sa mata ranar cire yanar ido. Tana cikin ba wa Baba Mai Guga labari, Nasani ya leƙo daga ɗakin baya da buroshi a baki.

"Wannan ne ya dame ki, Yaya? Ai ko ina barci zan yi shi."

"Barcin dai na san ka iya."

"Ki raina ni yau, gobe ki nuna ni a talabijin. Abu biyu kawai nake buƙata: kujera mai juyawa, da allon ƙarfe mai rubutun Manajan Fasaha."

"Kujerar me za ta yi?"

"Ƙwaƙwalwa ba ta aiki a kan benci."

Da tana da wata mafita da ba ta saurare shi ba. Aka sayo kujerar, aka buga allon, ya kafa shi a kan teburin yankan yadi, ya ture almakashi gefe.

Kafin a ci gaba, sai kun san yadda Yaya ke ajiye kaya. Bangon shagon duk kanta ne, an raba ta gurbi-gurbi, an lambata su daga ƙasa zuwa sama. Gurabun farko na ƙasa na bandiran yadi ne. Daga na biyar kayan da aka gama suke farawa, kuma saboda ciwon baya, Yaya tana sa masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Awon kayan da shekarun yaro ake yin sa. Ke nan kayan ƙartin yara 'yan shekara goma sha biyar suna gurbi na biyar, kayan 'yan mitsi-mitsi masu shekara biyar suna can sama a gurbi na goma sha biyar. Duk mai aiki a shagon ya san wannan. Nasani ma ya ce ya sani.

Ta zauna kusa da shi tana faɗa yana bugawa a kwamfuta, a cikin shafin nan mai gida-gida kamar ragar taga. Kowane layi da ya sauko daga sama zuwa ƙasa, shi suke kira ginshiƙi. Na farko irin kaya, wando ne ko riga ko siket. Na biyu na maza ne ko na mata. Na uku lambar gurbi. Na huɗu awo. Bayan su akwai na irin yadi, da na zare, da na sunan wadda ta ɗinka. Daga wannan shafin ne fom ɗin iyaye zai riƙa ɗauko bayani, ya zuba a wani ɗan akwati wanda in ka taɓa shi sai jeri ya sauko kamar labule, ka zaɓi naka.

"Ka ji ni da kyau," in ji Yaya. "Abu uku iyaye za su gani a jerin nan: mene ne, na wa ne, awo nawa ne. Sauran namu ne na cikin shago."

"Na sani."

Ya kwana biyu yana juyi a kujera, sannan ya tsallaka shagon Mai Aski da ke jikin nasu don a gwada, tunda Mai Aski yana da ɗa a makarantar. Mai Aski ya ajiye reza, ya karɓi waya, ya taɓa akwatin. Jeri ya sauko da ginshiƙai duka, kowane layi ya miƙe ya fice daga fuskar wayar. Ya kwantar da wayar, ya ɗaga ta, ya nesanta ta da idonsa.

"Manaja, wando na zo zaɓa ko tarihin shagonku na zo karantawa?"

"Cikakken bayani ke nan. Haka ake yi a manyan kamfanoni."

"Ina ruwana da wadda ta ɗinka? Nemanta zan je yi?"

Mutumin da ake yi wa aski, rabin kansa a aske, ya miƙo wuya ya leƙa. "Akwai lambar wayarta?"

Nasani ya fizge wayar ya ce mutanen layin nan ba su kai matsayin cikakken bayani ba, zai sauko musu ƙasa. Washegari ya dawo yana taku ɗaya-ɗaya. Mai Aski ya sake taɓa akwatin. Wannan karon ginshiƙi ɗaya tak Nasani ya bari. Jerin ya sauko: wando, wando, wando, wando, har ƙasa, sannan riga, riga, riga.

"Ka ga tsafta," in ji Nasani.

"Na gani. Wanne zan taɓa?"

"Wanda zuciyarka ta kwanta da shi."

"Zuciyata ba ta san faɗin ƙugun yarona ba."

"Kai matsalarka ba ka da haƙuri da sabon abu."

"Ni dai da zan yi aski yadda kake fom, da tuni an kone shagon nan."

Nasani ya koma ya rufe kansa a ɗaki, ya kunna wani bidiyo a waya yana kallo da sauti ƙasa-ƙasa kada a ji yana koyo. A nan ya gano cewa da lamba ake gaya wa akwatin ginshiƙan da zai nuna. Ya rubuta masa: na ɗaya, na biyu, na huɗu. Ya taɓa. Jeri ya sauko tsaf: wando, maza, biyar. Wando, maza, shida. Har ƙasa ba kuskure. Ya yi juyi a kujera har sai da jiri ya ɗebe shi ya bugi kanta.

Da safen da za a kai ta asibiti, Yaya ta kanga wayar a gaban idonta mai lafiya, ta bi jerin layi-layi da farce.

"Ya yi," ta ce. "Yanzu ka ji. Kada ka ƙara taɓa komai. Ko ƙuda ne ya sauka a kai, ka bar shi ya tashi da kansa."

"Na sani."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama shan kwana ba ya buɗe shafin, wai zai ƙare masa kallo. Yana kallo yana shafa haɓa, sai ya lura da wani abu. Ga sunayen matan da ke ɗinki reras a ginshiƙinsu. Har zare yana da ginshiƙi. Shi da ya gina abin gaba ɗaya, ko alamarsa babu. In gobe aka kai shafin nan gaban manya, wa zai san hannun wa ne?

Bai sa a ƙarshe ba, don a ganinsa ƙarshe wurin 'yan rakiya ne. Ya buɗe sabon ginshiƙi a daidai inda ido ke fara sauka, bayan na biyu. Ya shafe shi da ruwan ɗorawa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: WANDA YA TSARA: MANAJAN FASAHA. Ya ja rubutun daga sama har ƙasa, ya zama kowane wando da kowane siket yana da sunansa a gefe.

To shi wannan akwatin ba ya karanta kan ginshiƙi, ƙirga kawai ya iya. An ce masa na huɗu, na huɗu zai ɗauko, ko me ya tarar a wurin. Da Nasani ya cusa kansa a na uku, sai lambar gurbi ta matsa ta koma na huɗu, awo ya koma na biyar inda ba mai ganinsa. Daga wannan lokacin, lambar da ke fitowa a jerin iyaye ba awon yaro ba ce, lambar gurbi ce.

Ya taɓa akwatin don ya tabbatar bai ɓata komai ba. Lambobi suna nan, sai dai sun juye, goma sha biyar a sama, biyar a ƙasa. Mai hankali da ya tsaya a nan. Shi kuwa murmushi ya yi.

"Baba, zo ka ga ikon Allah," ya kira Mai Guga. "Na'urar nan har ladabi ta koya a hannuna. Da kanta ta sa manya a gaba."

Baba Mai Guga bai ɗago daga kan gugarsa ba. "Allah ya sa mai ita ma ya koya."

Aka kira Mai Aski gwaji na ƙarshe. Ɗansa shekararsa goma, ya taɓa goma. Gurbi na goma kuwa shi ne tsakiyar gurabun kayan da aka gama, kuma kayan 'yan shekara goma ne a cikinsa. Aka ɗauko, yaro ya sa, kaya suka zauna masa ɗas kamar a jikinsa aka yanka. Mai Aski ya cire hula ya ce ya janye duk abin da ya faɗa. Daga ranar duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha labarin Manaja tare da askin, har waɗanda ba su da 'ya'ya.

Aka tura wa iyaye fom. Uwar ɗan shekara shida ta taɓa shida, uban ɗan shekara goma sha huɗu ya taɓa goma sha huɗu, kowa ya yi abin da ya dace. A shago kuwa 'yar takarda ke fitowa da sunan yaro da lambar gurbi kawai, don Nasani ya cire awo daga jikinta, wai kada a wahalar da tsoho da tunani.

"Ba za a duba awon ba?" in ji Baba Mai Guga.

"Baba, zamanin dubawa ya wuce. Ka ga lamba, ka miƙa hannu, ka naɗe."

Baba ya miƙa hannu ya naɗe. Ana zuba kayan a baƙar leda, ana liƙe bakinta da takarda mai hoton Nasani ya rungume hannu.

Nan ma abin bai ishe shi ba. Ya sa kwat ya tafi ofishin Shugaba, ya ce mata irin wannan ci gaba ba a raba shi a ɓoye kamar kayan sata. A ajiye ledojin a makaranta, kada a buɗe ko ɗaya. A gayyato iyaye da mai hoto. Yara su zo da kayan gida, su canza a aji, a buga ƙararrawa su fito a jere cikin sabon launi. Shugaba tana son abu a jere, kuma tana neman hoton da za ta sa a allon bakin ƙofa. Ta amince.

Yaya ta ji labari tana kwance da bandeji a ido, ta kira shi a waya.

"Ka raba kayan nan yara su gwada a gida."

"Yaya, gwaji na masu shakka ne."

"Ni mai shakka ce. Ka raba."

"Ba na jin ki sosai, layin yana yankewa," ya ce, ya kashe wayar da hannunsa.

Ranar ta zo. Aka jera kujeru a farfajiyar makaranta, iyaye suka cika su. Mai hoto ya kafa ƙafafun kyamararsa. Yaya ta matsa sai an kawo ta, ta zauna a gaba da baƙin tabarau, Baba Mai Guga a gefenta. Nasani ya zo da na'urar haska bango ta haya, ya karɓi makirufo tun ba a ba shi ba. Ya yi bayanin yadda ya yi fama da jahilcin mutanen layinsu, da yadda a wasu ƙasashe ake kiran irinsa da jirgi. Ya ce daga yau tef ɗin awo ya zama kayan tarihi.

Yana magana, daga cikin azuzuwa ana jin wani irin motsi. Wani yaro yana kuka. Wata malama ta leƙo ta taga tana yafito Shugaba, Shugaba ta nuna mata agogo. Ta riga ta faɗa tun jiya: in ƙararrawa ta kaɗa kowa ya fito, ba ta son jin uzuri. A makarantar nan kuwa ba a maimaita wa Shugaba magana. Ta ɗaga ƙararrawa ta kaɗa.

'Yan ajin farko suka fara fitowa. Na gaba ya riƙe ƙugun wandonsa a hammata da hannu biyu, ƙafafun wandon suna biye da shi a ƙasa. Na bayansa riga ce kawai ke tafiya, hannuwanta suna share farfajiya. Wata 'yar yarinya ta shige cikin siket har wuya, kanta kaɗai ya fito kamar kaza a cikin kwando. Ga shi an yi ruwa da asuba, ƙasa duk taɓo. Na uku ya taka wandon na biyu, na biyu ya damƙi na farko, layin gaba ɗaya ya zube.

Wata mata ta miƙe daga cikin iyaye. "Ina ɗana? Malama, na ga rigar, ina yaron?"

"Yana ciki, Maman yara, ki kwantar da hankalinki."

"A ciro min shi ya sha iska."

Yaya ta karkata wajen Baba Mai Guga. "Baba, idon nan ne bai warke ba, ko abin da nake gani haka yake?"

"Idonki ya warke sarai, uwar ɗakina."

Nasani ya matse makirufo ya ce ƙananan yara dama ba su iya sa kaya ba, a jira a ga na gaba. Sai ga 'yan aji na tsakiya, ɗan Mai Aski a gabansu, tsaf-tsaf da su, wasu da ɗan yalwa, wasu da ɗan matsi, amma ba abin magana.

"Kun gani ko?" in ji Nasani. "Wannan shi ne aikin. Mai hoto, ɗauki nan."

Manyan 'yan mata ba su fito ba sam. Suka aiko ta taga cewa ko za a kore su daga makarantar ba za su taka waje ba, siket ɗin da aka ba su ko a hannu bai wuce gwiwar hannu ba. Manyan samari kuwa malaminsu ya koro su. Shugaban ɗalibai ne a gaba, ƙato mai gashin baki ya fara tsirowa, riƙe da tutar makaranta. Ya tura kansa cikin wandon ɗan shekara biyar da ƙarfin tsiya, rigar ta tsaya masa a saman cibiya da maɓalli ɗaya da ke neman agaji. Yana tafiya ƙafa a ware, numfashi sama-sama. Na bayansa wasu sun rataya wandon a wuya, wasu sun sa ƙafa ɗaya sun riƙe ɗayar.

Iska ta kaɗa, tutar ta suɓuce ta faɗi. Yaron nan mai biyayya ne, ya sunkuya zai ɗauka. Ƙarar da wandon ya yi, har mai sayar da lemo a bakin ƙofa sai da ya waiwayo. Maɓallin ya tashi ya bugi kyamarar mai hoto.

Iyaye suka ruɗe da surutu. Mai Aski ya gyara zama ya ce, "Nawa dai ya yi daidai."

Wani uba da ke bayansa ya dafa masa kafaɗa. "Ba kai ka ce mana yaron nan ya fi injin banki ƙwaƙwalwa ba?"

"Aski nake yi a lokacin, ba rantsuwa ba."

Shugaba ba ta ɗaga murya ba. "Manajan Fasaha, matso nan."

Ya matso yana gyara wuyan kwat. "Ranki ya daɗe, kwamfuta ba ta kuskure. Iyaye ne suka taɓa ba daidai ba. Na sha faɗa, mutanen nan sai an yi musu bita."

"Ɗana shekararsa shida, na taɓa shida," in ji matar nan, tana zaro yaronta daga cikin riga. "Ko shida ma ta canza a zamaninku?"

"Yanzu zan nuna wa kowa, a daina zargin ilimi."

Ya kunna na'urar haska bango. Shafin ya bayyana a jikin bangon ofis, kowane gida ya kai girman taga. A tsakiya ga ginshiƙi mai ruwan ɗorawa yana ƙyalli, Manajan Fasaha, Manajan Fasaha, daga rufi har ƙasa. Ya ɗauki sandar malami.

"Na gaya wa jerin ya nuna ginshiƙi na huɗu, wato awo. Ko yaro zai iya ƙirgawa. Ga na ɗaya."

Ya buga sanda a bango. 'Yan ajin farko kuwa an horar da su, duk inda sanda ta bugi bango amsawa ake yi. Daga cikin taɓo, daga cikin riguna, suka haɗa baki: "Ɗaya."

Nasani ya ji daɗi. Ya buga na gaba.

"Biyu."

Sanda ta sauka a kan sunansa. Ya ɗan daɗe a nan, ya juyo don mai hoto ya samu fuskarsa.

"Uku."

Ya matsa, ya buga da ƙarfi.

"Huɗu."

"To me aka rubuta a samansa?" ya tambaya, ko kallon bangon bai yi ba.

Yaran suka karanta a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda aka koya musu: "Lam-bar gur-bi."

Ya waiwaya. Ya sake ƙirgawa da leɓe. Ya ƙirgo daga ɗaya gefen ko za a dace. Awo yana zaune a na biyar, ba abin da ya dame shi. Shugaban ɗalibai kuwa yana ja da baya da tuta ɗaure a ƙugu.

"Na ukun dai ya fito da kyau," in ji Mai Aski.

Yaya ta cire tabarau. "Wa ya sa wannan rawayan abin a tsakiyar shafina?"

"Yaya, a ƙa'idar aiki, dole mai tsarawa ya..."

"Na ce ko ƙuda ne ka bar shi. Ashe kai ne ƙudan."

Shugaba ta juya wajen Yaya. Ta ce ta yi haƙuri da layi shekara da shekaru, amma ba a taɓa tsiraita mata shugaban ɗalibai a gaban iyaye ba. Gobe za ta kira telan ƙetaren titi.

Yaya ta miƙe, Baba ya riƙe mata hannu. "Ranki ya daɗe, ki ba ni lokaci zuwa a tashi yara hutun tara. Ɗinkina ba shi da aibi, jikin da aka sa wa ne ba nasa ba. In na gaza, ki kira shi a gabana."

Shugaba ta dubi agogo ta gyaɗa kai. Aka mayar da yara aji. Malamai suka riƙa kwasar kaya daga ajin manya zuwa na ƙanana, daga na ƙanana zuwa na manya, Nasani a tsakiya da tulin wanduna har haɓa, iyaye mata suna nuna masa hanya da baki mai zafi. Da aka sake kaɗa ƙararrawa, yara suka fito kowa da daidai jikinsa. Sai dai na manya duk taɓo ne daga gwiwa zuwa ƙasa, na ƙanana kuwa da yawa sun ɓarke a baya, wasu ba maɓalli.

Shugaba ta zagaya su, ta ja wani ɗinki da yatsa ta ga bai motsa ba. Ta ce aikin yana nan a hannun Yaya, na bana kawai, kuma da sharaɗi. Duk abin da ya ɓaci a wanke, a gyara, a goge. Sannan kowane yaro a auna shi da tef a bakin ƙofa, a gaban uwarsa, kafin a yarda da abin da waya ta ce.

"Akwai mai yi," in ji Yaya.

A nan gaban kowa ta sa Nasani ya goge ginshiƙinsa da yatsansa. Rawayan ya ɓace, awo ya koma na huɗu, 'yan ajin farko suka tafa don sun ɗauka wasan ya ƙare ke nan.

Ga abin da ya biya. Mako guda yana tsugune a bayan shago gaban baho, yana cuɗa taɓo daga wandunan ƙarti har fatar hannunsa ta yi fari. Ya koyi zura zare a allura, ya ɗinke maɓallan da suka tashi ɗaya bayan ɗaya, matan kan kekuna suna warware duk wanda ya karkace su miƙo masa. Kowace safiya har ƙarshen zangon karatu yana durƙushe a bakin ƙofar makaranta da tef ɗin da ya ce ya zama kayan tarihi, yana auna ƙugu, yara suna wucewa suna ƙirga masa ɗaya zuwa huɗu. Hoton da mai hoto ya ɗauka, shi da sanda a kan sunansa, shugaban ɗalibai a bayansa da tuta a ƙugu, Mai Aski ya roƙa aka ba shi ya kafa a saman madubinsa.

Kujera mai juyawa Baba Mai Guga aka ba wa, ya ce tana taimaka wa bayansa. Allon ƙarfen ma bai tashi a banza ba. A kansa Baba yake ɗora dutsen guga in ya yi zafi.